In kunne ya ji, jiki ya tsira: ƙarar gurza a jikin ƙaramin babur

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun aya da na wake kasuwar Caduwa. Shi ke kai malamin gona ƙauye, ya kai malamin makaranta bakin aikinsa. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare a tungar da mota ba ta shiga, galibi shi ne ke kai ta gidan likita. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutane fiye da 900,000 ne ke zaune cikin waɗannan gundumomi uku, kuma mafi yawansu a karkara suke, nesa da kwalta.

Babur ba shi da bakin faɗin ciwonsa. Da ƙara yake kai kuka. Cikin dukan ƙararrakin da yake yi, wadda ta fi cancanta a ji tsoronta ita ce ƙarar gurza, irin ta dutsen niƙa. Ma'anarta guda ce: ƙarfe na cin ƙarfe a wurin da bai kamata ba. Mai babur da ya toshe kunnensa yau, gobe zai biya kuɗin gyara ninkin ba ninkin. Wani lokaci ma da jikinsa zai biya. Ga bayanin yadda ƙwararrun masu gyara ke bin sawun wannan ƙara har su kamo tushenta, da abin da mai babur zai iya dubawa da kansa tun a ƙofar gida.

Daga Mobylette zuwa baburan yau

Dattawa na tune da Mobylette, ƙaramin babur mai feda wanda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949. Injinsa bai kai cc 50 ba, kuma haɗa masa fetur da baƙin mai ake yi cikin tanki guda. Daga Japan kuma aka samu Honda Super Cub, wanda ya fito a 1958. Ya karɓu a duniya har yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. A 1975 kamfanin Honda ya sake fitar da CG125, wanda aka ƙera musamman saboda ƙasashen da hanya ba ta da kyau, masu gyara kuma ba su wadata ba.

Bayan shekarar 2000 baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa saboda sauƙin kuɗinsu. Kowa ya san sunayensu: Kasea, Haojue, Jincheng, Bajaj Boxer da TVS. Yawancinsu ƙarfin injinsu tsakanin cc 100 ne zuwa 150. Da yawa daga cikin injunan Sin, kwaikwayon waɗancan injuna biyu na Honda ne. Shi ya sa wanda ya iya sauraren ɗaya, ya kama hanyar sanin sauran.

Ƙasar rairayi, abokiyar gabar ƙarfe

Babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1 ta biyo ta Birnin Ƙonni, ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta wuce Maraɗi, ta bi ta Caduwa, Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram. Amma da zarar an sauka daga kwalta za a shiga ƙauyukan Cadakori, Gidan Sori, Saye Sabuwa ko Gangara, sai burji da turbar amalanke da jigawa.

Ƙwayar rairayi ƙanƙanuwa ce, amma ta fi ƙarfen sarƙa tauri. In ta haɗu da mai ko giris, sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta dinga cin duk abin da ke juyawa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke shiga ko'ina. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa da taɓo ne, musamman ga masu ƙetare Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. Ga kuma lodi fiye da kima: buhu biyu a baya, ko mutum uku har huɗu bisa babur guda. Rairayi, ruwa da lodi, su ne iyayen ƙarar gurza a wannan yanki.

Tambaya kafin sifana

Makanikin ƙwarai ba ya fara kwance inji. Tambaya yake farawa da ita. Yaushe ƙarar ta soma? Sannu a hankali ta taso, ko rana ɗaya? Me ya faru kafin ta soma: faɗuwa aka yi, faci aka yi, ruwa aka shiga, ko mai aka juye? Tana fita ne in babur na tsaye, ko sai yana tafiya? Tana canzawa in an taka birki, in an kama kuloci, ko in an sa giya?

Amsar waɗannan tambayoyi rabin gyara ce. Alal misali, ƙarar da ta ɓullo a ranar da aka yi faci, da wuya ta zama ta inji. Mai yiwuwa an mai da ƙafa a karkace, ko an manta wani ɗan ƙarfe wurin ɗaurewa. Saboda haka mai babur ya riƙa lura, ya kuma faɗa wa mai gyara gaskiya. Wanda ya ɓoye cewa ya yi wata uku bai juye mai ba, kansa ya cuta.

Gwajin farko: inji ne ko ƙafa?

Duk abin da ke juyawa a jikin babur kashi biyu ne. Akwai masu bin gudun inji, akwai masu bin gudun ƙafa. Aikin farko shi ne a raba tsakaninsu.

A kashe inji, a sa babur firi, a tura shi a wuri mai shiru. In ƙarar ta fito, to ba daga fiston ko karanshaf take ba. A nemi ƙafafu, birki da sarƙa. In ba ta fito ba, a kafe babur, a tayar da shi, a bar shi firi, a ba shi wuta kaɗan-kaɗan. In ƙarar na hawa da sauka tare da totur alhali babur na tsaye, to tana cikin inji.

Akwai ƙarar da ba ta fita sai da nauyin mutum a bisa. Ita kuma a fita da babur hanyar da babu jama'a, a ɗan yi gudu kaɗan, sannan a kama kuloci a saki totur. Inji zai lafa, babur na ci gaba da gangarawa. In ƙarar ta lafa tare da inji, ta inji ce. In ta ci gaba har sai da gudu ya ragu, ta ɓangaren ƙafa ce.

Ƙidaya ma na taimakawa. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyin taya, tana nuna birki, ko lanƙwasasshen wili, ko taya mai gogar murfinta. Wadda ke zuwa sau ɗaya bayan kamar juyi uku, sarƙa ce, domin sai taya ta juya wajen sau uku kafin sarƙa ta zagayo sau ɗaya. Wadda kuwa ba ta yankewa, gurr, kamar ana niƙa, yawanci boris ne.

Ƙafafu da boris

Cikin cibiyar kowace ƙafa akwai boris guda biyu, waɗanda wasu masu gyara ke kira rulma. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne masu yawo cikin giris tsakanin zobe biyu. In rairayi ko ruwa ya shiga, giris ya ƙare, sai ƙwallayen su fara cin hanyarsu.

A kafe babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, a ɗaga ƙafar gaba ta bar ƙasa. A juya ta da hannu, a kasa kunne, a kuma dafa ƙarfen da ke riƙe da ita. Boris mai lafiya shiru yake. Wanda ya mutu, ana jin kakkarwarsa a tafin hannu. Daga nan a kama taya sama da ƙasa, a girgiza ta hagu da dama. In ta yi wasa, boris ya tafi. Haka za a yi wa ƙafar baya. Wata alama kuma ita ce zafi: bayan tafiya ba tare da yawan taka birki ba, in cibiyar ƙafa ta yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai, ko boris ne, ko birki ne ke riƙewa.

A ƙafar gaba akwai wani ɗan gida mai haƙora wanda ke juya wayar agogon gudu. Shi ma in ya bushe yakan yi gurza. Giris kaɗan ya ishe shi.

In za a canza boris, a canza duka biyun lokaci guda. Kowane boris na da lamba a jikinsa, kamar 6201, 6202, 6300 ko 6301. A karanta ta tsohon, a sayi irinta. Wanda aka ƙara wa 2RS a bayan lamba yana da murfin roba gefe biyu, kuma shi ya fi dacewa da ƙasar rairayi. Wurin sakawa, zoben waje kaɗai ake bugu. Wanda ya bugi zoben ciki ya kashe sabon boris tun kafin ya taka ƙasa. Kada kuma a manta ɗan bututun ƙarfe da ke tsakanin boris ɗin biyu. In babu shi, da an ɗaure noti za a matse su, kwana kaɗan ƙarar ta dawo.

Birki

Yawancin baburan karkara birkin ganga gare su. Takalma biyu ne a ciki, masu fata a bayansu. In an taka birki sai su buɗe su dafe gangar. Sabuwar fata kaurinta wajen milimita 4 ne. In ta sauko zuwa milimita 2, lokacin canji ya yi. A jikin hannun birki na babura da yawa akwai ɗan kibiya da alama. In kibiya ta kai ga alama sa'ad da aka taka birki, fata ta ƙare.

Ƙarar da ke fita sai an taka birki, ƙiii ko gurr, abu biyu take nufi. Ko rairayi ya shiga ganga, ko fata ta cinye har ƙarfe na gogar ƙarfe. Na farko shara ce maganinsa. Na biyu kuwa in aka yi jinkiri, ganga za ta yi kwari, sai an sayi cibiyar ƙafa sukutum. In kuma ƙarar na nan ko ba a taka birki ba, a duba ko an ɗaure shi ya yi yawa, ko sifirin da ke mai da takalma ya karye.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a hura ƙurar birki da baki, domin wasu fatun na ɗauke da abin da ke cutar huhu. A share da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kuma a zuba mai cikin ganga don a kashe ƙara. Ƙara za ta mutu, birki ma ya mutu tare da ita.

Sarƙa da faifan haƙora

Sarƙa ita ce ta fi kowa laifi a wannan sha'ani. In ta saki da yawa, sai ta dinga dukan gidanta, kacau-kacau. In ta ɗaure da yawa, sai ta yi gurnani, ta kuma ci boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifan haƙora na gaba, wanda gyaransa sai an tsaga inji. A tsakiyar sarƙa, tsakanin faifan gaba da na baya, a tura ta sama da ƙasa da yatsa. A yawancin waɗannan babura wasan da ake so santimita 2 ne zuwa 3. A juya taya a gwada wuri uku ko huɗu, domin tsohuwar sarƙa takan ɗaure a wani wuri ta saki a wani. A tuna kuma lodi na ƙara ɗaure sarƙa. Mai ɗaukar buhuna kada ya ja tasa kamar tsarkiyar baka.

Sanin tsufan sarƙa ba wuya. A kama ta a bayan babban faifai, a ja ta baya. In ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta miƙe. A dubi haƙoran kuma. In sun yi tsini, ko sun lanƙwashe kamar farcen shaho, sun ƙare. Sarƙa da faifai biyu tare ake canza su. Sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Ita ma tana da lamba, kamar 420 ko 428.

Wurin jan sarƙa, akwai zane-zane a gefe biyu na ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya. Dole su zo daidai, hagu da dama. In ba haka ba ƙafa ta karkace, sarƙa za ta dinga cin gefen haƙora. Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa kuma, rufaffen kansa ne ke duban inda sarƙa ke tafiya.

In an rasa gane ko sarƙa ce ko ƙafa, a cire sarƙar a juya taya ita kaɗai. In ta yi shiru, ƙafa ta kuɓuta. Sai a juya ƙaramin faifan gaba da hannu. In ana jin gurza a nan, boris ɗin cikin inji ne.

Mutane da yawa kan cire gidan sarƙa su yar, wai yana damunsu da ƙara. Wannan kuskure ne babba a ƙasar rairayi. Gidan shi ne rigar sarƙa. In ya lotse yana gogar ta, a miƙar da shi, a mai da shi wurinsa. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a sa mata mai mai tsabta, a goge wanda ya yi yawa. Faufau kada a taɓa sarƙa inji na aiki. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

In ƙarar daga inji take

Likita na da abin sauraren ƙirji. Makaniki kuma na da doguwar sukudireba. Yakan dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya bi wuri-wuri har ya kai inda ƙarar ta fi ƙarfi. Sai dai a kula da salansa mai zafi, a kuma tattara riga.

A saman inji, ƙaramar ƙara cak-cak-cak yawanci ta bawul ce, saiti take so. A injunan da ke da ƴar sarƙa a ciki, irin su Cub da Boxer, in ta saki takan yi caras-caras. A ƙasan inji, gurnani mai nauyi da ke ƙaruwa da wuta yana nuna boris ɗin karanshaf. Ƙwanƙwasa kuwa, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga guduma a ciki, tana nuna hannun fiston ya yi wasa. Wannan ba ta jira.

A gefen hagu akwai gidan wuta. In notin faifan da ke juyawa a ciki ya kwance, ko mayen ƙarfensa ya ɓalle, sai ya dinga gogar koyil. Sau da yawa fitila takan raunana a lokaci guda. A gefen dama kuma akwai kuloci. A nan hannun kuloci ne shaida. In ƙarar ta ɓace da an kama shi, a zargi kwandon kuloci ko boris ɗin sandar giya. In sai an kama shi take fitowa, ɗan boris ɗin da ke tura kuloci ne.

Ƙarar da ke fita a giya guda kaɗai, haƙoran wannan giya ne suka ci ko suka ɓalle. Gurzar da ake ji lokacin sa giya kuwa, kuloci ne bai saki sosai ba. Hannun kuloci na son wasa na santimita 1 zuwa 2 a bakinsa. A baburan da ba su da hannun kuloci, akwai noti na saiti a murfin dama. In kuma ƙarar ba ta fita sai an danna sitata, a fara gwada batir kafin a zargi haƙoran sitata.

Baƙin mai ba ya ƙarya

Kafin a yarda a tsaga inji, a tambayi baƙin mai. A fara duba yawansa, babur na tsaye sak a wuri mai daidai. Waɗannan injuna wajen lita guda suke ɗauka, wasu ma ba su kai ba. Saboda haka ragin da ake gani kaɗan ne, a wurinsu babba ne.

Daga nan a juye man cikin kwano mai tsabta, a fita da shi rana, a karkata kwanon. In ana ganin ƙyalƙyali kamar an watsa gari, wani abu na ci a ciki. A zura mayen ƙarfe. Abin da ya manne, daga giya ne ko boris. Farin gari da bai manne ba, sanholo ne, daga fiston ko kwandon kuloci ko jikin inji. Mai launin rawaya, tagulla ce. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma wannan na faruwa bayan ƙetare gulbi. A juye shi ran nan, kada a kwana.

Juyen mai, wato bidanji, shi ne gyara mafi araha. Littafin da ke zuwa da babur ya faɗi yawan kilomitocin da za a yi, ya kuma ce a wuri mai ƙura a gaggauta. A sayi mai cikin gora mai hatimi. Wanda aka rubuta wa JASO MA shi ne aka yi don babur mai kuloci cikin mai. A wanke ƴar rariyar mai, a kuma kula da matacin iska. Inji mai yagaggen mataci rairayi yake shaƙa tun safe har dare.

Masu kuloci mai kama kansa

Mobylette da wasu ƙananan babura na da kulocin da ba ya cikin mai. In inji ya ɗauki wuta, takalman ciki su buɗe su kama ƙwaryar da ke kewaye da su, babur ya tashi. In inji ya lafa, su saki. Ƙwaryar na zaune ne bisa ɗan zoben tagulla ko ƙaramin boris. In ya bushe, sai a ji gurza sa'ad da babur ke tsaye inji na aiki, da an tashi kuma ta ɓace. Ɗigon mai ko ɗan giris a kan zoben shi ne magani, amma kada ya taɓa takalman. In ƙwaryar ta yi shuɗi, ta sha zafi ke nan, yawanci saboda jan jiki cikin rairayi mai zurfi da lodi. A irin wannan wuri gara a sauka a tura.

Mai injin da ake haɗa wa mai cikin fetur kuma kada ya yi rowa. Gwargwadon irin man, kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ake sawa, wato mililita 20 zuwa 40 cikin lita guda. Wannan dabara ta sauraro na amfani har ga injin ban ruwa na masu lambu a fadamar Tibiri, da injin niƙa na cikin gari.

Wadda ke jira da wadda ba ta jira

Ba kowace ƙara ke hana tafiya ba. Sarƙa mai dukan gidanta, ko murfin taya mai goga, ana iya lallaɓawa da su har wurin mai gyara. Amma akwai huɗu da in an ji su a tsaya nan take: ƙafa mai wasa ko rawa, birki mai cin ƙarfe, sarƙa mai tsallake haƙora, da ƙwanƙwasa cikin inji. Boris in ya watse, ƙafa na iya cijewa cikin gudu. Sarƙa in ta tsinke, tana iya naɗe ƙafar baya ko ta fasa inji. Gara a ɗora babur bisa amalanke a sha dariyar yara, da a ɗora mai shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. A Nijar hukumar ANISER ce aka ɗora wa aikin kiyaye haɗarin hanya. Amma babu ma'aikacin da zai bi kowane babur ƙauye yana duba masa birki. Wannan aikin mai shi ne, kamar yadda sa hular kwano aikinsa ne. A yankin Gidan Rumji kuma, inda ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan bakin iyaka har dubban ƴan gudun hijira suka shigo daga Najeriya tun 2019, mutuwar babur cikin daji da dare ba abin wasa ba ce.

Araha ba ta ado

Kayan gyara na zuwa ne ta Maraɗi, kuma da yawa daga kasuwannin Najeriya suke fitowa, ta Kano da Katsina. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024, jama'ar yankin sun ga yadda kaya ke wuya da tsada. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ke hannu a riƙe shi da kyau.

A kasuwa akwai mai kyau, akwai jabu. Boris na jabu na iya mutuwa cikin ƴan makonni, a sake biyan kuɗin kaya da na aiki. Mai saye ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada lamba da lamba. In an gama gyara, ya nemi a nuna masa abin da aka cire. Makanikin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan. A lissafa kuma: kuɗin boris biyu bai kama ƙafar kuɗin cibiyar ƙafa ba, kuɗin lita guda ta mai bai kama ƙafar kuɗin karanshaf ba. Ga ɗan kabu-kabu mai tuƙa babur ɗin wani yana kai kuɗi kullum, kwana uku a gareji kwana uku ne babu cefane.

Masu gyara su ma da nasu nauyi. Tsaga inji a kan rairayi, da wanke kaya cikin ƙazamin fetur, da canza abin da bai mutu ba, duk suna zubar da mutuncin sana'a. A shimfiɗa buhu mai tsabta kafin a kwance inji. A koya wa yaran gareji sauraro kafin a ba su guduma. Iyaye kuma su tuna hukuma ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, wato CFM, a ƙananan hukumomi, ga kuma makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Yaron da ya haɗa karatu da aikin hannu, shi ne zai iya karanta lamba da littafin inji.

Minti biyar kowace safiya

Kafin a hau, mai babur ya duba mai. Ya taɓa sarƙa. Ya girgiza ƙafafu biyu. Ya gwada birkin gaba da na baya. Ya tayar da inji ya saurare shi kafin ya ba shi wuta. Duka wannan bai wuce minti biyar ba. Wanda ya san muryar babur ɗinsa ranar da yake lafiya, shi ne zai gane ta ranar da ta canza.

Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da masu gari da malaman yaƙi da jahilci su karanta wa jama'a wannan bayani a tasha da dandali, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya amfana. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.